Bayan hoton giwan ruwa: Sauran Kebbin da kyamara ta manta

Duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labarai ya san cewa labari ba ya fita sai da hoto. A shekarun da na yi ina wannan aiki, na lura cewa idan labari ya shigo daga Jihar Kebbi, hotunan da ke hannunmu kashi biyu ne kacal. Na farko shi ne na dubban masunta da suka tsunduma cikin Matan Fada, kowa da goransa da homarsa, sai kuma na wani ƙato rungume da giwan ruwa ana shirin ɗorawa a kan sikeli. Na biyu kuwa hoton makoki ne: gawarwaki a jere cikin likkafani, ko gonar shinkafa da ambaliya ta shanye, ko ƙofar makarantar da aka kwashe ɗalibanta. Ko da labarin kasafin kuɗi ne ko na ɗaukar malamai aiki, idan ba mu sa hoton gwamna a kan kujerarsa ba, to wancan kifin muke komawa mu ɗauko.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin damuwar 'yan jarida kawai. Ni kuwa ina ganin magana ce ta kasuwa da ta mulki, domin yadda ake ganin wuri daga nesa yana da hannu a kan ko za a zo shi, ko za a zuba jari a cikinsa, ko ma hukuma za ta tuna da shi a lokacin rabon kuɗi.

Hoton da kowa ya sani

Babu mai musun cewa bikin kamun kifi na Argungu ya cancanci sunan da ya yi. An kafa shi a tsarinsa na yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabawa. A Disambar 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya, shekara takwas kafin hawan sallar Kano ya samu irin wannan matsayi a 2024. Hoton masuntan Argungu yana cikin hotunan Arewacin Najeriya ƙalilan da ake gane su a ƙasashen waje ba tare da dogon bayani ba.

Sai dai wannan hoto yana da rauni. Bikin na kwana huɗu ne, babbar gasar kamun kifin kuwa ba ta wuce kimanin sa'a guda. Ba kuma kowace shekara ake yin sa ba. A 2006 ƙarancin ruwa ya hana kamun. Bayan na 2009 sai da aka jira har Maris ɗin 2020 kafin a sake yi, inda aka kama kifi mai nauyin kilo 78, bayan nan ma aka sake shafe shekaru shiru. Ma'ana, jihar da aka ƙirƙira tun 27 ga Agustan 1991, mai masarautu huɗu na Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ta jingina duk kyakkyawar fuskarta a kan sa'a guda, wadda ita ma ba ta da tabbas. Idan biki ya faku, sai hoton makoki ya riƙe fagen shi kaɗai.

Yadda hoto ya taɓa kafa gandun daji

Domin a ga nauyin abin, yana da kyau a leƙa tarihin gandayen daji a Amurka. A 1861 wani mai ɗaukar hoto, Carleton Watkins, ya ɗora manyan kayan aikinsa a kan alfadarai ya shiga kwarin Yosemite da ke Kalifoniya. Hotunan da ya fito da su sun kai ga 'yan majalisa a Washington, suna kuma cikin abubuwan da suka taimaka har Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa. Haka nan hotunan da William Henry Jackson ya ɗauko a Yellowstone a 1871 sun taimaka wajen ayyana shi a matsayin gandun dajin ƙasa a 1872. Yawancin waɗanda suka amince da dokokin ba su taɓa taka wuraren ba. Hoto suka gani, gani kuwa ya kori ji.

Amma labarin yana da ɓangare na biyu, wanda ya fi kama da namu. Yosemite na karɓar baƙi kimanin miliyan huɗu a shekara, mafi yawansu kuma suna cunkushewa ne a cikin kwarin, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin gandun ba. Suna tsayawa a wuri guda, su ɗauki hoto iri guda da wanda suka gani kafin su taso daga gida. Shi ya sa ƙwararrun masu ɗaukar hoto a can suke barin inda jama'a ta taru, su nemi lungunan da ba a saba gani ba, ko su koma wurin da aka sani a lokacin da ba a saba zuwa ba. Darasin shi ne hoto guda mai ƙarfi yana iya ɗaukaka wuri, yana kuma iya rufe sauran abin da ke cikinsa.

Abin da ke bayan rumfar manyan baƙi

A Argungu ba sai an yi nisa ba. A cikin bikin kansa akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, waɗanda ba kasafai suke samun shafin farko ba. Akwai aikin Sarkin Ruwa da na Homa, waɗanda suke kula da kogin da ƙa'idojinsa tun kafin baƙi su iso. Akwai masu saƙa homa, da masu gyaran gora, da masu sassaƙa kwalekwale, da matan da ke ƙyafe kifi da soya shi. Waɗannan suna nan duk shekara, ko an yi biki ko ba a yi ba.

A tsakiyar gari ga Gidan Tarihi na Kanta, wanda ya kasance fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1958. A cikinsa akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna. Da yawa daga cikin waɗanda suka sha zuwa kallon su ba su taɓa leƙa shi ba.

Sai fadamar Rima, wadda ta miƙe daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Wanda ya tsaya a kan tudu da sassafe cikin watan Fabrairu zai ga abin da ba a zaton samu a wannan yanki a tsakiyar rani: shinkafa kore shar har iyakar gani, injinan ban ruwa suna ruri, balbelu suna bin manoma, shanun Fulani suna gangarowa mashaya cikin hazo. A wannan kwari ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya, a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015. Daga nan ne shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a Disambar 2016, a Argungu kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Duk da haka, hotunan shinkafar Kebbi da suka fi yawo su ne na dalar buhuna da aka jera domin manyan baƙi, da na ambaliyar 2020. Manomin da ke cikin taɓo har gwiwa yana dashe, wanda shi ne tushen labarin, ba a cika ganin fuskarsa ba.

A Gwandu akwai hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kusa da Argungu akwai Alwasa, inda aka gwabza ɗaya daga cikin manyan yaƙoƙin jihadi a 1805. A Zuru akwai Girmace da kadojinta da bikin Uhola. A Yawuri akwai tsibiran Neja da rayuwar Gungawa da bikin Rigata. Sama da duka akwai Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai ganuwar dutse da har yau take tsaye a wurare da dama. An ayyana Surame a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, an kuma sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Matsalarta ta tsarin mulki ce: tarihin na Kabawa ne, ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato, kulawar kuma tana wuyan hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Abin da mutum uku suka mallaka, sau da yawa kowa yakan bar wa ɗan'uwansa.

Kainji: Gandun da ya ɓace wa ido

Jihar Kebbi ba ta da gandun dajin ƙasa nata. Babu ɗaya a cikinta daga cikin bakwai da ake da su tun da, babu kuma a cikin goma da Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara a 2020, waɗanda suka haɗa da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Wanda ya fi kusa da ita shi ne Gandun Dajin Tafkin Kainji, na farko a Najeriya, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe gandayen Borgu da Zugurma, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340 a jihohin Neja da Kwara. Tafkin da ya ba shi suna, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ya miƙo har ƙasar Yawuri.

A da, 'yan makaranta da ma'aikata masu hutu sukan je bakin kogin Oli su ga dorina da kada da gwanki da mariya da gwaggon biri. A 'yan shekarun nan sunan gandun ya koma fitowa a labaran tsaro. A Agustan 2025 mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya sanar da kama wasu jagororin ƙungiyar Ansaru biyu, ciki har da shugaban ɓangaren da ake kira Mahmudawa, wanda ya ce ya yi sansani ne a yankin gandun Kainji.

A nan ma akwai alaƙa da hoto. Dajin da baƙi ke shiga, ma'aikata ke sintiri, masu kyamara ke fito da hotunansa, daji ne da idon jama'a ke kansa. Idan aka daina zuwa, kuɗin shiga ya tsaya, hanyoyi suka toshe, hotuna suka daina fitowa, sai wurin ya fita daga tunanin masu tsara kasafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rashin tsaro ne ya kori baƙi daga Kainji, amma sakacin da aka yi da gandun tun kafin nan yana cikin abin da ya buɗe wa ɓatagari ƙofa. Yau da wuya matashi ɗan shekara ashirin a Birnin Kebbi ya iya kwatanta kamannin gandun, wanda bai san kamannin abu ba kuwa ba zai tambayi hukuma inda ya shiga ba.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu ganin cewa maganar hoto a wannan hali kamar shafa hoda ce a kan gyambo, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A Nuwamban 2024 'yan Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. A Nuwamban 2025 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta Maga da ke Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. A ƙetaren iyaka kuma, a ranar 9 ga Agustan 2020, an kashe mutum takwas a gandun raƙuman dawa na Kure da ke Jamhuriyar Nijar, Faransawa shida da direbansu da ɗan rakiyarsu 'yan Nijar. Wannan hari guda ya durƙusar da sana'ar 'yan rakiya da suka shafe shekaru suna ci da iyalansu daga baƙi. Duk wanda zai tura matashi daji da kyamara ya tuna da wannan.

Saboda haka ba a cewa kowa ya ɗauki jaka ya nufi Kainji ko Surame ba tare da izini da rakiyar hukuma ba. Ba a kuma cewa a ɓoye hoton makoki, domin ɓoye shi cin amanar waɗanda aka kashe ne. Abin da ake cewa shi ne hoton makoki shi kaɗai rabin gaskiya ne, kamar yadda hoton biki shi kaɗai rabin gaskiya ne. Mafi yawan abubuwan da aka lissafa a sama suna cikin gari ko a bakinsa: gidan tarihi, kasuwar kifi, mashaya, hubbare, fadamar da ake noma kullum. Mutanen da ke wurin ba su daina rayuwa ba, kyamara ce ta daina zuwa.

Hujja ta biyu ta shafi mutunci. Mutanenmu ba sa son a ɗauke su hoto ba da saninsu ba, musamman mata, kuma suna da gaskiya. An sha ganin baƙo ya ɗauki hoton tsohuwa a bakin murhu ko yaro a cikin ruwa, ya sayar ko ya ci gasa da shi, ba tare da mai hoton ya san inda fuskarsa ta kai ba. Maganin wannan shi ne ɗan gida ya riƙe kyamarar, wanda ya san gaisuwa, ya san wanda ake neman izini a wurinsa, ya san inda ba a shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya fi kyau.

Ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikaci?

Mai masauki a Birnin Kebbi, da direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Argungu, da mai tuwon shinkafa, da mai sayar da busasshen kifi, duk sun san yadda ciniki ke tashi a makon biki, su kuma san yadda yake faɗuwa washegari. Baƙon da ya zo domin sa'a guda yakan kwana ɗaya ya juya. Wanda ya riga ya ga hoton gidan Kanta da fadama da hubbaren Gwandu yana da dalilin ƙara kwana biyu, ko ya dawo da iyalinsa a wani lokaci. Baƙon da ya fi muhimmanci kuwa ba Bature ba ne. Malamin makaranta ne daga Gusau da ke neman inda zai kai ɗalibansa, da ma'aikaci daga Kaduna da ke da hutun mako guda, da ɗan Kebbi mazaunin Legas da ke son nuna wa 'ya'yansa gida. Ba a cinikin biri a sama, kuma ba wanda zai biya kuɗin mota domin ganin abin da bai taɓa ganin alamarsa ba.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, hoto shaida ce. Idan aka riƙa ɗaukar Matan Fada daga wuri guda a rana guda kowace shekara, cikin shekara goma za a ga da ido yadda yashi ke cike kogin da yadda ruwa ke ja da baya, abin da ke da alaƙa da sakin ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori da kuma injinan ban ruwa da ke ƙaruwa. Haka ganuwar Surame: ba za a iya cewa an kwashe duwatsunta ba idan babu hoton yadda take a bara. Ma'aikatar muhalli da ta albarkatun ruwa da ta al'adu duk suna buƙatar irin wannan taska fiye da yadda suke buƙatar hotunan taron ƙaddamarwa.

Abin da za a iya yi ba da tsada ba

Na farko, ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido ta ware ɗan kaso daga kuɗin da ake kashewa a kan biki, ta ɗauki matasan jihar masu ɗaukar hoto aikin shekara guda, damina da kaka da hunturu da bazara, a masarautu huɗun. A biya su haƙƙinsu, a kuma riƙa sa sunansu a ƙarƙashin hoto, kamar yadda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanada. Mu 'yan jarida ma muna da laifi a nan, domin mun sha kwafo hoto daga Facebook mu buga ba tare da ambaton mai shi ba.

Na biyu, a ajiye hotunan a taska guda da kowa zai iya samu a intanet, kowane hoto da sunan wuri da kwanan wata da bayani da Hausa da Turanci. Gidan Tarihi na Kanta da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wurare ne da suka dace da riƙon irin wannan amana. A haɗa da tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan iyalai da shagunan masu hoto na da, kafin gara ta gama da su.

Na uku, a fayyace ƙa'ida. Mai kyamara ya san ofishin da zai je, da abin da aka hana ɗauka, da kuɗin da zai biya idan akwai, a kuma ba shi rasiti. Jirgi maras matuƙi yana buƙatar izinin hukumomin tarayya, wannan kuma daidai ne a halin da ake ciki, amma bai kamata yaro mai ɗaukar hoton gada da wayarsa ya kwana a ofishin 'yan sanda ba saboda babu wanda ya gaya masa iyakarsa.

Na huɗu, gwamnatocin Kebbi da Sakkwato su zauna da hukumar gidajen tarihi a kan Surame, Kebbi da Neja da Kwara kuma su zauna da hukumar gandayen daji a kan Kainji. Ko da baƙi ba za su iya shiga yanzu ba, ma'aikatan gandun da ke sintiri za su iya fito da hotunan abin da ya rage, domin jama'a su san abin da ake ƙoƙarin ƙwatowa.

A 1968 wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J.D. Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata, abin da kowa ke gani kullum ba ya ɗauka da muhimmanci. Ya tara kusan dubu, yau kuma suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, wasu salon kitson ma a hotunansa kawai suka rage. Homa da gora da kwalekwalen itace da ganuwar Kanta ba su fi ƙarfin irin wannan ɓacewa ba. Idan an sake buga bindigar fara su a Matan Fada, ɗaruruwan kyamarori za su fuskanci ruwa kamar yadda aka saba, mu ma za mu buga hoton kifin a shafin farko. Tambayar da ta rage ga gwamnati da masarauta da mu kanmu ita ce wa za a samu a bakin kogin da kyamara a sauran kwanakin shekara, bayan an kwance rumfuna.